Kwamfuta Daga Minna Zuwa Beji: In Ta Lalace a Hanya, Asara a Wuyan Wa?



Tambayar da muka ɗauko a wannan fitowa ƙarama ce a baki, amma ta isa ta sa maƙwabta biyu su shekara ba sa ga maciji da juna. Mutum ya kai kwamfutarsa ta tebur gyara Minna. An gyara, ya biya. Ba shi da mota, saboda haka ya ɗauko ta a motar haya, ko ya ba ɗan kabu-kabu, ko ya aiki wani ya taho da ita. An iso Beji, an jona wuta, ta ce ba ta san zancen ba. Mai gyara ya ce lafiya lau ta bar shagonsa. Mai ɗauka ya ce yadda aka ba shi haka ya kawo. Mai kaya ya ce shi dai kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. To, wa zai biya?

Kada wani ya ce wannan matsalar 'yan boko ce. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, uban da bai taɓa danna maɓalli ba ya shiga neman inda ɗansa zai koya. A kwamfuta ake buga mana takardun jarrabawar Islamiyya, da katin ɗaurin aure, da takardar cinikin fili. Akwai 'yan kasuwar da lissafin bashinsu na buhunan masara da doya yana cikinta. Yawancin waɗanda muke da su kuwa na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su zo mana, don haka gyara ba ya ƙarewa. Masu gyaran na ƙwarai suna Minna, wajen Obasanjo Complex da kewayen Mobil da Bosso. Ƙaramar kwamfuta ta cinya a jaka ake sa ta a rataya. Ta tebur fa? Ga akwati, ga allon kallo, ga wayoyi, kaya guda.

Ku duba hannu nawa take bi kafin ta shigo ɗaki. Daga shagon mai gyara a sa ta a Keke Napep zuwa tasha. A tasha yaron mota ya karɓa ya cusa a but, wataƙila kusa da jarkar manja, wataƙila ƙarƙashin buhun siminti. A bi ta Bosso, a wuce Maikunkele, a kama hanyar Zungeru, a sauka Beji. Nan kuma babur ya ɗauka zuwa ƙofar gida. In ranar kasuwa ce, Allah Ya kiyaye, domin ranar babu direban da ke da lokacin lallaɓa kayan kowa. Shatar mota sukutum ita ce mafi aminci, amma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, kuɗin shata kan iya fin kuɗin gyaran kansa. Talaka ba zai yi ba, kuma ba mu ga laifinsa ba.

Ya kamata mu san abin da hanya take yi wa na'urar, domin hukunci ba ya yiwuwa a kan abin da ba a fahimta ba. Akwatin nan da ake gani na ƙarfe, cikinsa ba dunƙule yake ba. Akwai babban faranti da sauran kayan ke tsuke a jikinsa. Wasu da noti aka ɗaure su, wasu kuwa cusa su kawai aka yi a gurbi, kamar siraran katunan da masu gyara ke kira ram. Girgiza kan sassauta su, na'ura ta ƙi tashi alhali babu abin da ya karye. Akwai ƙarfen sanyaya da fankarsa, mai ɗan nauyi. In akwatin na tsaye aka faɗa rami, nauyinsa kan fizgi farantin. Shi ya sa masu sani ke kwantar da akwatin a gefensa, farantin yana ƙasa. Sai faifan ajiya irin na da, wanda ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi a samansa ba tare da ta taɓa shi ba. In na'ura a kashe take allurar tana komawa ma'ajiyarta, don haka yana jure girgiza, amma ba ya jure faɗuwa daga bayan babur. Sabon nau'in ma'ajiyar da babu abin da ke juyawa a ciki ya fi shi juriya. Allon kallo kuwa ba ya son dannawa ko kaɗan, roba ɗaya da aka ja da ƙarfi ta kansa ta isa. Ruwan sama kuma ba sai an faɗa ba.

Yanzu ga abin da magabata suka ce. Ba su ga kwamfuta ba, amma sun ga tukwane da tulunan mai da jakuna masu tuntuɓe, kuma mas'alar ɗaya ce. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun raba tsakanin mai sana'a da mai ɗaukar kaya. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, zai tuna cewa a babin ciniki an ɗora wa masu sana'a lamunin abin da aka ba su suka shige da shi inda mai shi ba ya gani, ko da lada suke aikin ko kyauta. Maɗinki, maƙeri, marini, duk wanda ya kafa kansa yana yi wa jama'a aiki. In kaya suka salwanta a hannunsa shi zai biya, sai in ya kawo shaida cewa ba da hannunsa ba ne. Dalilin a fili yake: mutane ba su da makawa sai sun kai masa, ba sa ganin abin da yake yi, shi ya san aikin su ba su sani ba. Mai gyaran kwamfuta ya shiga wannan layi kai tsaye. Muddin tana shagonsa, a wuyansa take.

Amma mai ɗaukar kaya da lada, asalinsa amintacce ne. In ya yi tuntuɓe tukwane suka fashe, bai yi ganganci ba, ba ya biya. In igiya ta tsinke, ba shi ya ɗaure da ruɓaɓɓiya yana sane ba, ba ya biya. Abin da aka cire shi ne abinci, domin an san hannu na saurin kaiwa gare shi, sai aka ce mai dakon abinci in ya ce ya ɓata ba a karɓar maganarsa sai da shaida. A Risalar dai an ce mai jirgin ruwa ba ya biyan kayan da suka nutse, amma shi ma ba shi da kuɗin haya sai ya kai su gaci. Ku lura da adalcin da ke nan: mai kaya ya yi asarar kayansa, mai ɗauka ya yi asarar wahalarsa da guzurinsa, ba a tara duka a kan mutum ɗaya ba.

Mun san wannan hukunci ba ya yi wa masu kaya daɗi. Sau da yawa in an zo mana da irin wannan rigima bayan La'asar, mai kaya yakan zo da tabbacin cewa liman zai ce yaro ya biya, tunda a hannunsa abu ya lalace. Idan muka fara tambaya sai fuska ta canja. Alhaji, da ka ba shi kwalin, ka gaya masa abin da ke ciki? Sai a ce, ai ya ga kwali ne. Ka gaya masa kuɗinta? Sai a yi shiru. Nawa ka ba shi? Sai a faɗi kuɗin da ake ba wanda ya ɗauko ƙullin kayan miya.

Nan ne gaɓar maganar, kuma muna roƙon a yi mana haƙuri mu daɗe a kanta. Akwai wata dabara da ta zama jiki ga wasu 'yan kasuwa: ɓoye darajar kaya don kada kuɗin ɗauka ya hau. A naɗe abu a buhu a ce tarkace ne. A yi ta ciniki da yaro har sai ya sauko ƙasa, a ce masa, kai ɗana, ai ba nauyi. In an isa lafiya an ci riba, babu wanda zai kira shi ya ƙara masa ko sisi. In an samu matsala, nan take tarkacen nan sun zama dukiyar dubu ɗari da wani abu, yaron da aka raina ya zama wanda za a riƙe wa babur. Wato lokacin biya an auna shi da ma'aunin kayan miya, lokacin asara an auna shi da ma'aunin kwamfuta. Mu da muke zaune a kasuwa mun san sunan mai mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, kuma mun san ba sunan yabo ba ne.

Kulawa ma tana da farashi. Ɗan kabu-kabu da ya san kwamfuta ce zai rage gudu, zai kauce wa rami, zai ƙi ɗaukar fasinja na biyu, zai nemi tsumma ya shimfiɗa. Duk wannan lokaci ne da mai, a cikin yinin da sai ya cika kuɗin da zai kai wa mai babur da yamma kafin ya ci nasa. Wanda ya hana shi sani ya hana shi damar yin wannan kulawa, ya kuma hana shi damar cewa a'a, ba zan ɗauka ba, ya fi ƙarfina. Ba daidai ba ne a ɗora wa mutum amanar da bai san girmanta ba, sannan a tuhume shi da cin ta.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. Filin jirgin da muke wucewa a Maikunkele ya tuna mana: a dokar jiragen sama ta duniya, tun daga yarjejeniyar Warsaw ta 1929 har zuwa ta Montreal ta 1999, an yi wa abin da kamfani zai biya iyaka idan kayan fasinja suka lalace, sai fa in fasinjan ya bayyana darajarsu tun farko, ya biya ƙari in an nema. Kamfani mai jirage da lauyoyi ke nan ya ƙi ɗaukar nauyin abin da ba a gaya masa ba. Sai yaron da ke tuƙa babur ɗin wani za a ce ya ɗauka?

Akwai mai cewa, Malam, in kuka ce ba sa biya, ai kun ba su lasin ganganci. Wannan magana ce mai nauyi, ba mu raina ta ba, domin mun ga yadda wasu yaran ke tuƙi kamar an biyo su, mun kuma ga yaron mota yana jefa kaya daga but kamar itace. Amsar ita ce amincin nan ba rigar ƙarfe ba ce. Yana faɗuwa da abu biyu, ƙetare iyaka da sakaci. An ce masa kwamfuta ce, ka kwantar da ita, ya tsayar. An ce kada ka ɗora komai a kai, ya ɗora buhu. An yi da shi gida kai tsaye, ya biya ta wajen abokai ya ajiye ta a rana ko a ruwa. Ya san robarsa ta tsufa ya ɗaure da ita ya ce ba komai. Yana tsere da wani. A duk waɗannan zai biya, talaucinsa ba ya wanke shi, sai dai a sassauta masa lokaci ko mai kaya ya yafe don Allah. Amma ku lura, kusan duk misalan nan sun rataya ne a kan abin da aka gaya masa. Mai kaya da ya yi bayani a gaban mutum ɗaya ko biyu ya ɗaure mai ɗauka da igiya mai ƙarfi. Wanda ya yi shiru don ya rage naira ɗari biyu, da hannunsa ya kwance ta.

Rubutun da ake mannawa a wasu tashoshi da jikin wasu motoci, cewa kaya na wuyan mai su, shi ma ba ya halatta wa kowa sakaci. Takarda ba ta mayar da ganganci ƙaddara.

Mu dawo kan mai gyara, domin shi ma akwai ƙofar da yake fita ta ita. "A hanya ta lalace" ta zama mafakar duk wanda aikinsa bai yi kyau ba, ya san mutumin Beji ba zai iya zirga-zirga kullum ba. Lamuninsa yana ƙarewa ne idan ya kawo aikin a kammale yadda aka yi sharaɗi, ya miƙa wa mai shi. Kammalawa kuwa sai an gani. Saboda haka haƙƙin mai kaya ne a kunna masa na'urar a gabansa, a bar ta ta yi aiki na ɗan lokaci, a kashe a sake kunnawa, ya buɗe takardunsa ya ga suna nan, a nuna masa abin da aka cire da wanda aka sa, a rubuta a rasit. In babu wuta a tayar da janareta, ko a jira. Mai gyaran da ya ƙi wannan bai sauke nauyi ba tukuna. Wanda ya yi shi, ya ɗaure notinansa duka, ya gaya wa mai kaya yadda za a kwantar da ita, ya fita. Ba adalci ba ne a dawo masa da abin da rami ya yi a ce shi ne.

Sai wanda ya ɗauko kyauta. Maƙwabci mai mota zai shiga Minna, aka ce don Allah ka biya ka taho mana da ita. Ko ƙanen matarka, ko ɗalibin makarantar allo da ya girma a gidanka. Wannan ba haya ba ce, alheri ne, kuma hannunsa hannun ajiya ne: ba ya biya sai in ya yi sakaci. Muna jin masu motoci a unguwar nan suna cewa sun daina karɓar saƙo, wai alheri ya zama jidali. Ba mu goyi bayan rufe ƙofa ba. Iyayenmu da suka zo ƙasar Gwari suka zauna, da saƙon hannu da amanar fatake suka rayu; wanda zai tafi Kano ko Katsina yakan tafi da kayan gida goma, babu takarda. Mai mota da zai dawo daga Minna kujerar baya ba kowa, ya bar maƙwabcinsa yana fama da akwati a kan cinya, ya rage wa kansa lada mai sauƙi. Amma in muna so ƙofar ta zauna a buɗe, dole mai kaya ya san cewa wanda ya taimake shi bai zama kamfanin inshora ba. Kowace rigima da aka yi da mai alheri, gidaje da yawa ne ke biyan kuɗinta daga baya.

Abin da ya fi amfani ga marar mota, a ganinmu, shi ne ya tafi da kansa ya riƙe kayansa da kansa. Ya bar allon kallo da wayoyi a gida tun farko in ba su ne suka lalace ba, mai gyara yana da nasa na gwaji. Ya nemi kwali da tsohon bargo, da leda babba in damina ce. A mota ya biya kuɗin kujera biyu, ko ya ɗora a cinya, maimakon but. Ya guji ranar kasuwa. Kuɗin kujera ɗaya ba ya kai kuɗin faifai ɗaya.

Akwai kuma abin da babu mai iya biya ko an yanke masa hukunci. Akwati ana sayen wani. Amma sunayen masu bashi na shekara uku, da sakamakon ɗalibai, da hotunan mahaifin da ya rasu, in faifai ya mutu sun tafi, kuma babu alƙalin da zai iya yi musu kuɗi. Wannan kaso na mai kaya ne shi kaɗai, domin shi kaɗai ya san abin da ke ciki. Ya kwafe su a filas kafin na'ura ta bar gida, in tana tashi. In ba ta tashi, ya sa mai gyara ya kwafe masa kafin ta bar shago, ya sa filas ɗin a aljihu, ba cikin kwalin ba. In kuwa bayanan na jama'a ne, kamar na makaranta ko na asusun masallaci, to shi ma amana ce a hannunsa, kuma tambayar da yake shirin yi wa ɗan kabu-kabu za a yi masa ita.

Saura mas'ala mafi wuya, wadda ita ce ta fi yawa. Babu faɗuwa, babu ruwa, babu tabo a jikin akwati. An gwada a shago ta yi, an zo gida ta ƙi. Babu wanda ya ga komai. Nan ba mu son gaggawar rantsuwa, domin mutum zai iya rantsewa a kan abin da ya yi, amma ba zai iya rantsewa a kan abin da ya faru cikin rufaffen akwati ba. Kafin a kira kowa ɓarawo ko maƙaryaci, a fara gwada wata wayar wuta da wani soket, a tabbata wutar gidan ta kai ƙarfinta. In ta ƙi, kada a ba wani mai gyara na biyu ya buɗe, domin da ya sa sukundireba an rasa shaidar da ta rage. A mayar wa na farko, a buɗe a gaban mai kaya. In kati ne ya sassauta, aikin minti biyar ne, ya mayar ba tare da ya karɓi komai ba. In abin da ya sa ne ya mutu ba tare da alamar bugu ba, nasa ne, ya canja. In an ga tsagewa ko lanƙwasa, hanya ce, sai a koma ga tambayar me aka gaya wa mai ɗauka, me ya yi.

Kuɗin motar komawa Minna da dawowa kuwa, wanda shi ne mutane suka fi yi wa faɗa, ra'ayinmu shi ne ya bi sakamakon buɗewar: in aikin mai gyara ne ya gaza, ya rage wa mai kaya daidai kuɗin motar daga abin da ya karɓa, in hanya ce ba tare da sakacin kowa ba, mai kaya ya ɗauka, ɗan kabu-kabu kuma ya yi masa zuwa tasha da dawowa gida na wannan karon ba tare da ya karɓi kuɗi ba.